Masu Farar Kwat da Kaset ɗin Malam Tanimu

Shekaranjiya jikata Sumayya tana kwashe tarkace a ɗakina a unguwar Aziziyya, ta ci karo da wani tsohon kaset. Ta riƙe shi da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ƙadangare. Na ce mata da irin wannan abin na ciyar da uwarta har na kai ta ɗakin miji. Ta tambaye ni yadda aikin yake, da Larabci, don ku 'ya'yan nan kuna jin Hausa sarai amma kun ɗauka amsawa da ita yana zubar da haƙori. Na ce waƙa muke kwafa daga wannan kaset zuwa wancan. Sai ta yi dariya ta ce, "Bas? Shi ke nan? Ya jaddi, ai wannan danna maɓalli ne kawai."

To ku matso, ku masu danna maɓalli, ku ji yadda maɓallin nan ya kusa mayar da ni Damagaram babu ko takalmi.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na iso Madina. Na yi dako, na yi wankin mota, kafin wani ɗan garinmu ya haɗa ni da Usta Abakar, Bahaushen Sudan, mai shagon gyaran rikoda da sayar da kaset a unguwar Sultana. Shagon yana tsakanin mai walda da wani ɗan Yaman mai sayar da wake da gurasa, saboda haka da wuta da hayaƙi muke wuni. Usta dogo ne, siriri, ba ya dariya sai in wani ya yi asara ta wauta. Hausarsa rabi Larabcin Sudan ce, kowa a wurinsa "ya zol" ne, wato "kai mutum", daga ni har jami'in baladiyya na hukumar gari.

Aikin farko da ya ba ni, rikodar wani direban tasi ce da ta haɗiye kaset. Zaren ya naɗe cikin injin kamar taliya. Na sa hannu zan fizgo, Usta ya buge min yatsu da sukundireba. Ya nuna min yadda ake zare shi a hankali da tsinken ashana, a miƙar da inda ya yamutse a bayan cokali, a yanke inda ya mutu da reza a karkace, a haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, sannan a zura biro a naɗe. Wata uku ban taɓa komai ba sai auduga da sifirit, ina goge kan rikoda. Zafin Madina yana narkar da bel ɗin cikin inji ya koma kamar kwalta, in ka taɓa da hannu sai ka kwana uku kana kankarewa. Akwai 'yar allura a gaban injin ɗauka, mai rawa in sauti yana shiga. In ta faɗa cikin ja, murya ta fashe. In ta kwanta ƙasa, sai huci kamar maciji. Aikinka ka riƙe ta a tsakiya, da ido da kunne, alhali mai walda yana dukan ƙarfe a bayan bango.

Kayanmu kashi biyu ne. A gaba akwai karatu da wa'azi da darussa, su ne a fili. Can ciki, bayan labule, akwai waƙoƙin Sudan da na Masar da na Indiya, da na baƙaƙen Amurka. Ba mu taɓa sa lasifika a ƙofar shago ba, Usta ya ce garin nan ba a ɗaga masa murya. Mai son ji sai ya shiga ciki a sa masa abin kunne.

A bayan labulen nan na fara sanin Masu Farar Kwat. Suna da sunansu na Turanci, amma babu wanda ya iya faɗarsa a Sultana, sai muka raɗa musu suna daga hoton bayan faifai. Su bakwai ne, baƙaƙe kamar ni da ku, kowanne da farar kwat, da wando mai faɗin ƙafa da zai share masallaci, da takalma masu tudu, ga suma a kai kamar an kife musu kwando. Wani ma'aikacin jirgin ruwa a Jidda ne yake kawo wa Usta faifan, mu kuma mu juye shi a kaset guda mai kyau wanda muke kira uwa. Daga uwa ake haifar 'ya'ya.

Faifansu na farko waƙoƙi ne masu sanyi. Akwai wani mai siririyar murya a cikinsu, in ya ja baiti sai ka rantse uwarsa ce ta rasu da safen nan. Muka sa wa babbar waƙar suna Kukan Tuzuru. Direbobin Sudan ne suka fi sayenta, mutanen da suka shekara huɗu ba su ga matansu ba. Babu mai jin kalma ɗaya a ciki, amma in sun cire abin kunne sai ka ga suna share ido suna cewa ƙurar walda ce.

Yadda Usta yake sanin abin da zai kwafa shi ne sana'ar, ba maɓalli ba. Kowace Lahadi bayan la'asar yakan kama wata tashar Turawa a gajeren zango, inda wani mutum mai surutu kamar an ba shi kwangila yake karanto jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a makon, daga ta arba'in har ta ɗaya. Usta yana kiran jerin nan tsani. Turancinsa bai wuce ƙirga ba, amma ƙirgar ta ishe shi. Da ya ji lamba, ya ji farkon kiɗan, sai ya rubuta da alli a bayan ƙofa. Dokarsa ɗaya ce: ba a kwafar faifai da yawa sai waƙarsa ta hau tsani mako biyu a jere.

"Ya zol," in ji shi, "Turawan nan sun riga sun ɗanɗana mana miyar. In ba ta kashe su ba, mu zuba wa namu."

Kukan Tuzuru ta tsaya a tsakiyar tsani ta sauko. Sai ga faifai na biyu, mutanen sun canza hali gaba ɗaya. Kuka ya ƙare, an shigo zamanin disko. Ganga tana bugawa dum dum dum kamar ana sussuka, ƙahoni suna ihu, ga wata waƙa da ake buɗe ta da tafi uku kafin komai ya ɓarke. Ita muka kira Tafi Uku. Mako na farko Usta ya rubuta ta can ƙasa. Na biyu ta tsallake rabin tsanin. Ranar da mai surutun nan ya kai lamba ɗaya muka ji tafi uku sun fito daga rediyo, Usta ya ajiye allin ya ce in rufe ƙofa rabi, yau babu gyara. Ta yi makonni a sama, har allin wurin ya kama ƙura.

Shekarar nan injinmu bai huce ba. Usta ya sayo na'urar kwafa mai sauri, mai ɗaukar uwa ɗaya da 'ya'ya uku, tana cika gefe biyu a zagaye guda. Samarin gari masu dogayen motoci suna tsayawa a bakin titi su yi tafi uku ta taga, ni kuma in miƙa musu. Teloli, masu gidan abinci, har wani ɗan Chadi mai gadin maƙabarta. Amma waɗanda suka fi ba ni dariya su ne wasu 'yan uwanmu masu karatu. Mutum zai shigo da littafi a hammata, ya yi sallama mai tsawo, ya sayi kaset ɗin wa'azi guda, ya tsaya yana duba silin. Can sai ya rage murya.

"Malam Hamisu, akwai wani ƙanena a gida, yaron ya lalace. Ya dame ni da wasiƙa a kan wani kiɗa wai mai tafi. Ina so in ji irin ɓarnar da ke ciki don in san ta inda zan yi masa nasiha."

Sai in ce Allah ya shirya shi, in naɗe masa. Ya ce in rubuta Darasin Nahawu a jiki. Ban san adadin lalatattun ƙannen da na yi wa hidima a shekarar nan ba, amma nahawu bai taɓa samun masoya irin na lokacin ba.

Masu Farar Kwat suka sake fitar da faifai biyu, duka suka hau, ko da yake ba su kai ƙololuwa ba. Ni kuwa kaina ya fara kumbura. Na zama malamin disko na Sultana. Ina ba masu saye labarin mawaƙan ɗaya bayan ɗaya, wane ɗan wane ne, wane ya saki matarsa, duk daga hoton bayan faifai nake karantowa da ƙarfin hali. Har suma na tara, sai da Usta ya ce ko in aske ko in riƙa share shago da ita.

Ana cikin haka, wajen farkon shekarun tamanin, mahaifiyar Usta ta kwanta ciwo a Sudan. Ya damƙa min makulli da katan goma na kaset sabo fil, masu minti casa'in, waɗanda ya tanada don kasuwar alhazai. Ya ce in yi gyara, in sayar da abin da ke kan kanta, kada in taɓa katan ɗin nan sai ya dawo.

Bai yi kwana goma da tafiya ba mutumin Jidda ya iso da sabon faifan Masu Farar Kwat. Da na duba hoton na ga su shida ne, mai siririyar muryar babu shi, kwat ɗin ma ta koma ruwan azurfa. Mai hankali da ya tsaya nan. Ni sai na ce ai wannan dama ce, in na jira tsani mako biyu shagunan Jidda za su riga mu. Na juye faifan, na cike ragowar da Tafi Uku da tsofaffin waƙoƙi don kada zare ya tafi a banza, na kunna na'ura. Kwana shida na cinye katan goma.

Lahadi ta zo, na kama tasha da alli a hannu. Waƙar ta shigo can ƙasa, wajen ta talatin da wani abu. Na ce haka Tafi Uku ta fara. Lahadi ta biyu na saurara daga ta arba'in har ta ɗaya, ban ji su ba. Na ce rediyon ne. Ta uku ma shiru. Ashe can ƙasarsu an gaji da disko ɗungurungum, kamar yadda ake gajiya da tuwon jiya. A nan ma gari ya canza, an fara matsa wa masu shagon kiɗa, samarin dogayen motoci sun koma wani abin, masu lalatattun ƙanne kuma duk ƙannensu sun shiryu a wata ɗaya. Na sayar da abin da bai cika tafin hannu ba. Sauran suna jibge suna kallona, ga alhazai sun fara sauka, ga Usta ya aiko cewa yana tafe bayan sallah.

Sai Allah ya kawo Malam Tanimu. Malami ne mai zaure a unguwar Sih, yana karantar da mutanenmu bayan la'asar, yana da ilimi daidai gwargwado, amma abin da ya fi ilimin yawa shi ne son a san yana da shi. Ya ce yana so a ɗauki wa'azinsa a kaset don alhazai su kai gida. Na ji kamar an sauke min dutse. Kaset ai ana goge shi. In ka toshe 'yan ramukan nan biyu na samansa da salatif, sai ya karɓi sabon ɗauka kamar bai taɓa jin komai ba.

Na ɗauki rikoda da makirfo na je zaurensa. Na kashe fanka don kada ta shiga, muka yi ta zufa, Malam ya yi wa'azi mai kyau a kan gafala da son duniya. Na ɗauke shi tsaf a kan uwa mai minti sittin, allura ba ta taɓa ja ba ko sau ɗaya. Na dawo na kwaso na diskon nan da suka yi kwantai, na toshe ramuka, na liƙa sabuwar takarda mai sunan Malam, na kunna na'ura. Kowane zagaye in ɗauki ɗaya in sa a kunne, in ji bisimillar Malam ta fito garau, in jefa a katan.

Kaset ɗin ya karɓu. Wata 'yar kasuwa daga Maraɗi, Hajiya Gambo, mai zuwa kowace shekara ta sari kaya, ta ɗauki katan huɗu ta haɗa da dardumai da dabino ta tura Jidda. Sauran suka watsu a masaukan alhazai. Na fara tunanin irin yabon da Usta zai yi min.

Ranar wata Juma'a Malam ya yi walima a gidansa, ya tara dattawan unguwa da wasu manyan baƙi daga gida, ya gayyace ni a matsayin mai ɗauka. Bayan an ci shinkafa da rago, ya sa aka kawo rikoda don baƙi su ji. Kowa ya nutsu, ana gyaɗa kai. Malam yana zaune yana sauraron kansa, ido a lumshe kamar mai shan zuma. Aka zo ƙarshen gefen farko, muryarsa ta ɗaga: "To jama'a, ku kasa kunne da kyau, ku ji abin da ke jiran mai gafala."

Zare ya ci gaba da juyawa. Sai tafi uku. Sai ganga. Sai ƙahoni suka ɓarke a zauren Malam Tanimu.

Nan take lissafin ya faɗo min, lissafin da ɗan shekara bakwai zai yi. Uwa mai sittin ce, 'ya'ya masu casa'in. Na'ura tana gogewa ne iyakar inda uwa ta tsaya. Kowane kaset yana da wutsiyar kwata guda ta disko, in ka juya shi kuma da ita za ka fara kafin Malam ya dawo.

Wanda ke kusa da rikodar ya rikice, maimakon ya kashe sai ya ƙara murya. Wani tsoho mai nauyin ji ya tambayi na kusa da shi ko wannan ce azabar da ake faɗa. Na ga babban yatsan ƙafar wani baƙo yana motsi a ƙarƙashin riga, ya yi sauri ya danne shi da hannu. Malam ya miƙe, rawaninsa ya karkace, ya fizge waya daga bango.

"Hamisu! Ni za ka tozarta a garin Manzo? Ni za ka haɗa da makaɗa?"

"Allah gafarta Malam, wallahi kuskuren inji..."

"Injin ne ya je ya sayo kiɗan? Gobe in Allah ya kai mu zan kai ƙara. A rufe shagon, a nemo kafilin da ya tsaya maka, a karɓe iƙamarka ta zaman ƙasar nan. Ka je can garinku ka yi ta tafi!"

Ku da aka haifa da takardu a aljihu ba ku san nauyin maganar nan ba. A lokacin, ƙara ɗaya daga bakin mai rawani ta isa a garƙame shago da jan hatimi, mai shi kuma ya tsinci kansa a jirgi. Na durƙusa, dattawa suka sa baki, da ƙyar ya yarda ya jira dawowar mai shago.

Usta ya sauka bayan kwana biyar. Na faɗa masa komai tun bai ajiye jaka ba. Ya sa kaset ɗin, ya tura shi gaba, ya ji Malam, ya ji tafi uku. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya yi dariya irin ta ranar ba, har ya dafa kanta yana tari. Da ya gama ya share hawaye ya ce, "Ya zol, na bar maka doka ɗaya da katan goma. Ka karya dokar, ka kashe katan ɗin sau biyu. Jaki ma sau ɗaya yake faɗawa rami guda."

Ya sa jallabiyarsa ta Juma'a muka tafi Sih. Bai yi musu ba, bai ce inji ne ba. Ya ce laifin shagonsa ne, za a bi kowane kaset a karɓo, a sake na Malam a kan sabon zare, kuma shi da kansa zai saurari uwar. Malam ya yi ta faɗa har ya gaji, sannan ya tambaya ko za a iya sa hotonsa a jikin sabon. Usta ya ce har da rawani. Da haka ƙara ta mutu.

Mako biyu ina yawo masauki masauki cikin rana, ina roƙon alhazai su ba ni kaset in musanya musu. Wasu suka bayar suna salati. Wasu suka zage ni. Wani alhaji ya rantse ya ɓata, alhali ina hango shi a aljihun gabansa. Katan huɗu na Hajiya Gambo kuwa sun riga sun haye teku. Hukuncin da Usta ya yanke min shi ne kowane kaset da zai fita daga shagon, in saurare shi daga farko har ya tsaya da kansa, gefe biyu. Wa'azin Malam Tanimu a kan gafala na ji shi har na fi shi iya shi. Masu Farar Kwat kuma ba su sake hawa tsani ba. Mutumin Jidda ya ce ya ji sun watse, Usta ya sa na wanke bayan ƙofa da ruwa.

Da shekara ta zagayo sai ga Hajiya Gambo. Ina hango ta na nemi hanyar bayan labule, Usta ya riƙe min riga. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ce a kawo mata na Malam Tanimu katan shida. Usta ya miƙa mata sabon, mai hoto. Ta juya shi, ta ce a sa mata ƙarshen gefen farko. Malam ya ce a kasa kunne, zare ya ƙare, inji ya yi ƙas.

"A'a, ɗan nan," ta dube ni, "ba wannan ba. Na bara nake so, mai wutsiya."

Ta ce mako biyu ba su yi ba a kanti suka ƙare. Direbobin tasha ne suka wawashe. Mai mota yana sa shi, fasinjoji dattawa su ji wa'azi su sa masa albarka, kafin su farga an shiga kiɗa, in an yi magana ya ce shi ma haka ya saya, daga Madina aka kawo. Matasa kuma suna shiga da shi gida a gaban iyayensu, da sunan Malam ɓaro-ɓaro a jiki.

Usta ya ce, "Hajiya, mu ba ma sayar da kuskure sau biyu." Ta ce ba komai, dama don ingancin namu ne, can ma masu kwafa sun riga sun ɗauka. Ta sayi katan ɗaya na mai hoto don kada ta fita hannu rabbana.

Ba a yi kwana uku ba Malam Tanimu ya shigo shagon, fuska kamar an ba shi kujerar alƙali. Alhazan bana sun kawo masa labari. Wai sunansa ya cika tashoshi daga Maraɗi har Katsina, babu motar haya da ba a jin muryarsa, har ana tambaya ko zai zo da kansa. Ya zauna a kujerar Usta ba a ba shi ba, ya dube ni ya ce ya yafe min duniya da lahira.

"Ka gani, Usta," in ji shi, yana gyara rawani, "gaskiya in ta fito daga zuciya, ko direba sai ya saurara."

Ni na sunkuyar da kai ina goge kan wata rikoda da ba ta da datti. Usta ya zuba masa shayi, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Sosai kuwa, Allah gafarta Malam," ya ce. "An ce ba mai kashewa a tsakiya. Har ƙarshe suke ji."